Ɗan haya ya fasa bangon gidana ya buɗe shago, mi zan yi?

Baban Yara:
Salamu alaikum jama'a. Ina da gida a Mabera, na ba wani haya shekara biyu kenan. Jiya na biya sai na iske ya fasa bangon ɗakin waje ya sa ƙofar ƙarfe ya maida shi shago, har da firiza, kuma wallahi ko waya bai yi min ba. Na yi magana yac ce wai gyara ya yi min. Raina ya ɓaci sosai, gidan marayun ƙanena ne nike riƙo.

Ɗan Runjin Sambo:
Alhaji kada ka fidda mai kaya waje da hannunka, kai za ka koma mai laifi. Ɗauki hoton wurin, ka kira dillalin da ya haɗa ku, ku zauna gaban mai unguwa.

Hajiyar Arkilla:
Kun yi takarda lokacin da ya shiga? Ni haka wani ya yi min, ya fasa bango ba lintal, damina na zuwa ya tsage har sama, ni na biya birkila da siminti. Ka kai magini ya duba tun yanzu.

Malamin Islamiyya:
Ɗan haya amfanin gida ya saya, ba gidan ba, ba shi da ikon fasa bango sai da izininka. Tunda dukiyar marayu ce ma ba ka da ikon yafewa. Ko ya maida bangon da kuɗinshi, ko ku sake ciniki a kuɗin shago a rubuce da shaidu biyu. In ya ƙi, notis a rubuce sannan kotu.

Baban Yara:
Na gode Malam. Ba mu yi takarda ba, baki ne kawai. Gobe bayan la'asar zan ga mai unguwa in sha Allah.