Umluj Ko Ɗa'ifa: Ina Za a Kai Yara Hutun Bana?

Yaya Babba: Salamu alaikum. Na faɗa ranar Juma'a a gidan Kawu, kuma ina nan a kan bakata: duk Saudiyya babu wurin hutun iyali kamar Umluj, garin nan na bakin Bahar Maliya. Shekara nawa muna hawa Ɗa'ifa, mu sha cunkoso a hanyar Hada, birai su wawushe mana ayaba, mu sauko a gajiye?

Kawu: Wa alaikumus salam. "Duk Saudiyya" ɗin nan ta yi yawa, ɗana. Daga Makka zuwa Ɗa'ifa ko kilomita 100 ba a kai ba, sai mu yi asuba a gida mu karya kumallo a Shafa, can gefen Ɗa'ifa. Umluj kuwa sai ka wuce Rabig, ka wuce Yanbu, ka ƙara wajen kilomita 150. Daga Jidda ma ana maganar kusan 500. Da gwiwar Goggonku za a yi wannan zaman motar?

Goggo: A bar gwiwata ta huta, ba ita ta kawo maganar ba.

Yaya Babba: Kawu, Allah ya ƙara girma, nisan shi ne amfanin. Shi ya sa babu hayaniya. Bara da muka je, na yi tafiya mai nisa cikin ruwan bai wuce min gwiwa ba, ina kallon yatsun ƙafata garau. Yashi fari fat. 'Yan biyu suka wuni suna tonon rami, babu mai cewa a kula da mota. Mata su shiga da abayarsu, babu idon kowa a kansu, ba irin kurnish ɗin Jidda ba, wato wurin shan iska na bakin teku. Washegari muka ɗauki kwale-kwale zuwa wajen tsibirin Jabal Hassan, muka dawo da kifin najil aka gasa. Ga gonakin mangwaro a bayan gari. Ba banza ake ce masa Maldibis ɗin Saudiyya ba.

Auta: Yaya, a wane wata kuka je? Ka faɗa mana. Ai lokacin sanyi ne. Hutun da muke magana na Yuli da Agusta ne, ruɗuba ta bakin Bahar Maliya kuwa, wato danshin iskar nan, kowa ya san ta, ka fito wanka kana zufa. Ɗa'ifa tana saman dutse, wajen mita 1,800, da dare har mayafi ake ja. Mu gudu daga zafin Makka mu tafi wani zafin?

Yaya Babba: Ke kanti kike nema, shi ke nan.

Auta: Eh, da telefirik, motar nan mai tafiya a kan waya a sama. Laifi ne?

Maman 'Yan Biyu: Ku yi haƙuri in sa baki, tunda da ni aka je. Wurin yana da kyau, ban musa ba. Amma Baban 'yan biyu bai gaya muku wanda ya huta ba. Shagga muka kama, wato ɗakunan haya, mai kicin, na tafi da tukunya da buhun shinkafa da daddawa. Kifin da yake yabo, ni na kankare ɓawonsa. Yashi kuwa har cikin kunnen yara da kitsona, sati guda ina kaɗe shi daga jaka. Sannan ɗaya daga cikinsu ya taka dutsen murjani ba takalmi, tafin ƙafa ya tsage, muka ƙarasa yammacin a wurin ɗinki. Bayan isha'i kuma garin tsit, sai ni da wanke-wanke.

Kawu: To fa. Ga shaida daga cikin gida.

Yaya Babba: Ai a Ɗa'ifar ma girki ake yi a istiraha, gidan hutun da ake haya.

Maman 'Yan Biyu: Ana yi, amma mu shida ne, muna hira.

Kawu: Ni abu ɗaya zai sa in yarda. A bari sai hutun tsakiyar shekara, iska ta yi sanyi. A dawowa mu ratsa ta Badar yara su ga inda aka yi yaƙin, mu kwana biyu a Madina.

Auta: Wato bana dai Ɗa'ifa.

Yaya Babba: Ban sauka ba tukuna. Goggo ba ta ce komai ba.

Goggo: Shekarata arba'in a ƙasar nan ban taɓa tsoma ƙafa a teku ba, ina so in tsoma. Amma kai za ka gyara kifin, kuma ka sayo wa jikokina takalman roba.