Baffana ya ce a yanka baƙin bunsuru a gindin kuka, ku ba ni shawara

Salama 'yan'uwa cikin Ubangiji, dan Allah ina neman shawara. Mun yi shuka ruwa ya ɗauke yau kwana 19 kenan, gero ya fara nannaɗewa, masara kam ba a magana. Jiya da daddare baffana ya kira ni zaure ya ce ranar kasuwa a sayo baƙin bunsuru a yanka a gindin kukar bakin gona yadda kakanni ke yi wa iskokin gida, kowa ya kawo kasonsa. Wai ai ba cewa ya yi in bar coci ba, Lahadi in je abina, wannan na gona ne. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar baba har makaranta, ban taɓa yi masa musu ba. Kuma ba zan ɓoye muku ba zuciyata ta ɗan karkata don takin nan bashi na ci.

Baba Dattijo:
Ɗana, maganar baffanka ita ce tarkon da ya kama Isra'ilawa. Da suka shiga Kan'ana sun tarar mutanen ƙasar na cewa Ba'al ne mai ruwan sama da albarkar gona, sai suka raba ƙafa, Ubangiji nasu ne amma in damina ta zo a leƙa wajen Ba'al. Shi ya sa a zamanin Sarki Ahab Allah ya rufe saman shekara 3 da rabi, wato a daidai wurin da Ba'al ke taƙama. A Dutsen Karmel annabawan Ba'al 450 sun yi ta ihu tun safe suna tsaga jikinsu, shiru. Annabi Iliya ya yi addu'a wuta ta sauko, amma ka lura ruwan bai zo nan take ba, sau 7 ya aiki baransa ya duba kafin aka ga ɗan hadari kamar tafin hannu. Karanta 1 Sarakuna 18 daren yau.

Maman Talatu:
Ɗan'uwana ni karkatar zuciyar nan ce ta taɓa ni, na san ta. Shekarar da ɗana ya kwanta har ƙofar boka aka kai ni, na ga ƙahonni rataye da jan ƙyalle na juyo ina kuka. Kwana 40 kawai Musa ya yi kan dutse Isra'ilawa suka gaji da jira suka tuɓe 'yan kunne Haruna ya ƙera musu gunkin maraƙi. An hukunta su sosai, amma duba Nehemiya 9, duk da haka manna ba ta yanke ba, al'amudin girgije bai bar su ba, shekara 40 tufafinsu ba su tsufa ba ƙafafunsu ba su kumbura ba. Wanda ya ciyar da masu maraƙi ba zai manta da gidanka ba.

Ɗan Zumunta:
Ko kwabo kar ka bayar. Ka faɗa masa gaba da gaba tsafi ne.

Baba Dattijo:
A'a yaro, ba haka ake wa uba magana ba. Ƙin bayarwa daidai ne, amma ka je ka durƙusa ka ce baffa komai ka sa ni zan yi banda wannan. Kuɗin kason naka ka sai masa irin wake da shi, in ruwa ya dawo a makare wake zai fitar da ku. Kuma kar mu yaudare ka cewa don ka ƙi gobe za a yi ruwa, ba mu san ranar ba.

Mai tambaya:
Na gode Baba, na gode Mama. Na je na durƙusa na faɗa masa, bai ce komai ba sai tsaki, ya tashi ya shige ciki ko tuwo bai ci ba. Waken na ajiye wajen matarsa. Har yanzu sama fes, ku sa mu a addu'ar Laraba.