Daga wace sana'a kuka shigo aikin buɗaɗɗiyar manhaja?

Mai buɗe zance, malamin kwamfuta a Gwale:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ɗaliban da nake koyarwa a ƙarshen mako sun sha tambayata ko sai mutum ya mallaki digirin kimiyyar kwamfuta kafin a karɓi aikinsa a buɗaɗɗiyar manhaja, wato irin wadda ake barin rubutunta a fili domin kowa ya karanta, ya gyara, ya kuma rarraba. Nakan gaya musu cewa Linus Torvalds yana ɗalibi a Jami'ar Helsinki ya fara Linux, tsarin sarrafa kwamfuta, a 1991, cewa Django, manhajar gina shafukan intanet, a ofishin wata jarida a jihar Kansas ta Amurka aka ƙirƙire ta kafin a sake ta ga jama'a a 2005, kuma R, harshen rubuta manhaja don aikin ƙididdiga, malaman ƙididdiga biyu ne suka fara shi a Jami'ar Auckland. Sai dai labarin nesa ba ya gamsar da yaron da ya taso a Kurna ko Ɗorayi. Don haka ina roƙon duk wanda ya taɓa ba da gudummawa daga nan Kano ya faɗa mana sana'ar da ya fito daga cikinta, da kuma abin da ta amfane shi da shi.

Tsohuwar jami'ar bayanan lafiya, Tarauni:

Wa alaikumus salam, Malam. Ni ban taɓa zama a ajin kimiyyar kwamfuta ba, adana bayanan lafiya na karanta, kuma na yi shekaru ina cike rajista a ƙaramin asibiti. A lokacin zagayen rigakafin shan inna aka ba mu wayoyi masu ɗauke da ODK, manhajar da aka fara a Jami'ar Washington, wadda ke bari a cike fom ko da babu sabis, sai an dawo gari a tura. Alƙaluman wata-wata kuwa a DHIS2 muke shigar da su, ita kuma Jami'ar Oslo ce ke jagorantar aikinta.

Abin da ya ja ni ciki shi ne wani fom da aka tsara mana wanda ba ya wucewa gaba sai an rubuta ranar haihuwar yaro cikakkiya. Duk wanda ya shiga gidajen karkara ya san amsar da uwa za ta ba shi: an haife shi da azumin bara, ko kuma lokacin da ake yankan gero. Ma'aikata sai su riƙa sa ranar farko ta Janairu domin fom ya buɗe, ƙarshenta bayanai su nuna kamar yaran ƙauye guda duk rana ɗaya aka haife su. Na bincika na gano cewa a cikin jadawalin Excel ake rubuta waɗannan fom ɗin, na koyi tsarin, na gyara namu ta yadda zai karɓi wata da shekara kaɗai. Daga nan na shiga zauren masu amfani da manhajar ina amsa tambayoyi, sannan na koyi harshen rubuta manhaja na Python domin in fahimci yadda ake juya jadawali ya zama fom. Gyarana na farko da aka karɓa a littafin jagora ne, ba a cikin rubutun manhajar ba, kuma har yau abin da abokan aiki suka fi nema a wurina shi ne sanin yadda aiki yake a bakin ƙofar gida.

Mai gyaran waya, kasuwar Farm Centre:

Hajiya ta faɗi gaskiya. Ni iyakar karatuna sakandare, sana'ata kuma canza gilashi da sake ɗora wa waya manhaja. Tsofaffin wayoyin da kamfani ya daina sabuntawa su suka sa na san LineageOS, buɗaɗɗen tsarin Android da ake ɗora wa waya a madadin na kamfani, kuma dole ta sa na ɗora Linux a laftof ɗina domin in riƙa aiki da adb da fastboot, manhajojin da ake sarrafa waya da su daga kwamfuta. Masu kula da irin waɗannan ayyuka ba kowace waya suke da ita a hannu ba, mu kuwa a teburinmu suke kwana. Idan kyamara ta ƙi buɗewa, nakan kwafo rahoton da wayar ta fitar, in rubuta matakan da za a bi a sake ganin matsalar, in tura musu. Turanci ya ba ni wahala da farko, amma na lura cewa idan rahoto ya fito a tsare babu mai duba nahawunka.

Injiniyan manhaja, wanda ya yi karatu a Jami'ar Bayero:

Ina girmama abin da Hajiya da ɗan'uwana na kasuwa suka kawo, amma Malam, kada ɗalibanka su tashi da tunanin cewa karatu ba shi da rana. A GitHub, shafin da ake ajiye rubutun manhaja ana aiki a kansa tare, babu mai tambayarka takardar shaida, wannan haka yake, sai dai ranar da aka ce gyaranka yana cin ƙwaƙwalwar na'ura fiye da kima, ko kuma ya gaza idan ayyuka biyu suka zo lokaci guda, abin da aka koya mana a darasin tsarin bayanai da na tsarin sarrafa kwamfuta shi yake fitar da mutum. Ana iya koyonsa a waje, amma dole a koye shi.

Akwai kuma maganar da ba a cika son yi ba, ita ce ta kuɗi. Mafi yawan gyare-gyaren da ke shiga Linux a yau ma'aikatan kamfanoni irin su Intel da Red Hat da Google ne ke rubuta su, albashinsu na tafiya. Matashin da ke sayen data daga aljihunsa, yana jiran a kawo wuta kafin ya yi cajin laftof, ba daidai yake da su ba. Ni ta hanyar Google Summer of Code na shiga, shirin da aka fara a 2005 wanda ke biyan mai koyo yana aiki a ƙarƙashin jagora, kuma da babu wannan kuɗin da ban iya barin aikin shagon buga takardu da nake yi ba. Akwai Outreachy ma, mai horon wata uku da biya, wanda na so a ce 'yan matanmu sun fi haka saninsa.

Malamin Hausa, Fagge:

Nawa gajere ne. Harshe na karanta, kuma ta fassara na shigo, ina naɗar murya da tantance jimloli a Common Voice na Mozilla, shirin tara muryoyi don koya wa na'ura gane magana. Da na ga wata manhaja tana jefa kalmomin da suka fara da ƙ da ɗ da ɓ can ƙarshen jeri bayan z, sai na rubuta wa masu ita yadda jerin haruffanmu yake. Wani injiniya ya yi gyaran, ni kuma na gwada na tabbatar musu ya yi daidai.

Tsohuwar jami'ar bayanan lafiya, Tarauni:

Ƙanena injiniya, ban musa maka ba, domin ni kaina akwai wuraren da nake tsayawa cik sai na nemi irinku. Abin da nake so ɗaliban Malam su ji shi ne kada mai sana'a ya raina abin da ya riga ya sani, domin wanda ya tsara mana wancan fom ya fi ni iya rubuta manhaja nesa ba kusa ba, abin da ya rasa shi ne bai taɓa tsayawa a zaure yana tambayar uwa shekarun ɗanta ba. Maganar kuɗi kuwa ta fi damuna a kan mata, waɗanda bayan data da wuta akwai hidimar gida a kansu.

Mai buɗe zance:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Injiniya, idan za ka samu sarari wata Asabar, ina so ka zo ka nuna wa ɗaliban yadda ake rubuta takardar neman shiga waɗannan shirye-shirye biyu tun kafin a buɗe karɓa. Hajiya, ke ma muna roƙon ki zo da wancan jadawalin su ga yadda kika gyara shi. Har yanzu ba mu ji daga masu safiyo da ke aikin taswira da QGIS da OpenStreetMap ba, kuma na san akwai su a cikinmu.