Ɗan yayana ya daina magana tun da aka shiga garinsu: me ake yi wa yaro a asibitin ƙwaƙwalwa?

Gwaggon Yaro ta rubuta:

Assalamu alaikum. Na daɗe ina karanta abin da ake tattaunawa a nan ban taɓa sa baki ba, yau dai tura ta kai bango.

Wata bakwai ke nan da 'yan bindiga suka shiga ƙauyenmu a Zamfara cikin dare, suka kashe yayana a ƙofar gidansa. Babban ɗansa, mai shekara 11, yana cikin rumbu inda uwarsa ta cusa shi, duk abin da ya faru a kunnensa. Da ta fita takaba ta koma Gusau wurin danginta da ƙananan, ni kuma na taho da shi Kano, muna zaune a Rijiyar Lemo.

Yaron nan da bakinsa ba ya hutawa, shi ne mai kwaikwayon kukan kowace dabba in mun je gida da sallah. Yanzu sai ya wuni bai ce uffan ba. Fitsarin kwance ya dawo, abin da ya bari tun yana shekara huɗu. Cikin dare ya zabura yana haki, gumi sharkaf. Ranar da 'yan ɗaurin aure suka wuce layinmu a babura, sai a bayan buhunan gawayi na same shi, ya toshe kunnuwa yana rawar jiki. Ba ya shiga sito, ko ɗauko shinkafa na aike shi sai ya tsaya a bakin ƙofa.

An yi rubutu, an yi tofi, an yi hayaƙi. Maigidana ya ce yaro ne, zai manta. Surukata ta ce gamo ya yi a rumbun. Ni ma ba zan ɓoye ba, sau ɗaya na zane shi kan katifa, kallon da ya yi mini ranar har yau yana cina.

Malamar ajinsu ta ce in kai shi wurin likitan ƙwaƙwalwa. To ku da kuke Kano kun sani, in aka ce an kai mutum Dawanau ba wanda zai ɗauka hatsi ya je saye. Tsorona a yi masa allurar nan da ke sa mutum ya sandare yana dalalar da miyau, ko a riƙe shi, ko a ji a unguwa a laƙaba masa suna har girmansa. Don Allah wanda ya sani ya gaya mini, me ake yi wa yaro ƙarami in an kai shi?

Tsohuwar Nas ta amsa:

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah ya jiƙan yayanki, ya saka miki da riƙon maraya.

Na yi shekaru a sashen masu larurar ƙwaƙwalwa kafin in yi ritaya. Ba a yanke hukunci daga nesa, amma abin da kika zayyana ya yi kama da firgicin da ke biyo bayan bala'i, wanda likitoci ke ce wa PTSD. Kowa zai razana a makonnin farko. In alamun suka wuce wata guda suna hana yaro barci da karatu, to sai a nemi taimako. Ba hauka ba ne. Jikinsa ne bai yarda an bar wancan daren ba, shi ya sa ƙarar babur ke mayar da shi rumbu.

Ranar farko tambayoyi ne kawai, yawancinsu ke za a yi wa: barcinsa, cin abincinsa, yadda yake a da. Za a iya gwada fitsarinsa, don a tabbatar ba sikari ko ciwon mafitsara ke kawo jiƙa katifar ba. Yaro irin wannan da wuya a kwantar da shi, gida za ku dawo ranar. Allurar da kike tsoro ta masu wata larura ce daban. A firgicin yara ba da ƙwaya ake farawa ba, da zama ake farawa.

Zaman kuwa sau ɗaya ne a mako, kusan awa guda, yawanci zama 12 zuwa 16, tare da masanin halayyar ɗan'adam. A farko ba a ma taɓo zancen daren. A koya masa jan numfashi a hankali in gabansa ya faɗi, a koya masa gane tsoro da fushi da baƙin ciki ya kira kowanne da sunansa, a ba shi takarda da fensir ya yi zane. Sai ya saki jiki sannan a fara bin labarin kaɗan-kaɗan, da baki ko da zane, har ya iya faɗinsa ba tare da jikinsa ya ɗauki rawa ba. A nan ne ake tono abin da yara ke binnewa. Na sha jin yaro ya ce "da na fito da ba a kashe Baba ba". Wata da watanni yana ɗauke da laifin da ba nasa ba, ba wanda ya sani, don ba wanda ya tambaye shi. Ke ma za a riƙa zama da ke, don awa ɗaya ce tasu, sauran kwana bakwai naki ne.

A Kano akwai sashen a Asibitin Malam Aminu Kano, ga kuma Dawanau. A wasu jihohin kuma akwai na tarayya: Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato, da Maiduguri. In kin je yankar kati ki tambayi ranar da ake ganin yara. Kada ki yarda wani mai kemis ya ba ki diazepam wai don ya yi barci. In kuma ya daina cin abinci, ko kika ji ya ce gara ya mutu ya bi babansa, kada ki jira wata rana, ki kai shi a ranar.

Baban 'Yan Biyu ya amsa:

Hajiya Nas ta gama magana, ni abin da ba ta faɗa ba zan ƙara: wahalar hanya.

'Yata ta shiga damuwa mai tsanani tana shekara 15, bayan rasuwar mahaifiyarta. Asibitin da muka je, wanda ba sai na ambata ba, mun isa ƙarfe bakwai ba mu ga likita ba sai bayan azahar, aka kuma ba mu wata guda kafin mu dawo. Na so in yi zuciya. Daga baya na fahimci likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya gaba ɗaya ba su kai 300 ba, masu ƙwarewa kan yara kuwa 'yan tsiraru ne a cikinsu. Ki tafi da ruwa da ɗan abin taɓawa, ki ware kuɗin a daidaita sahu na kowane mako tun yanzu, don yankewa a tsakiya shi ne asara.

Tawa an haɗa mata da magani, fluoxetine, saboda nata ciwon daban ne. Sai da ya yi wajen mako biyar kafin mu ga canji, aka kuma ce mu sa mata ido sosai a makonnin farko. Bana ta zana jarabawar fita sakandare.

Batun unguwa, ba dole ki yi shela ba. "Mun je asibiti" ya isa. Abin da zan roƙe ki shi ne, ko wa ya kawo shawarar gidan mari ki toshe kunnenki. Mun ga abin da aka fito da shi a Rigasa a 2019, ɗaruruwan mutane har da yara, da sarƙa a ƙafa. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar ta 1958, ta zo ne don kare haƙƙin masu irin wannan larura, amma doka a takarda ba ta shiga zaure ta hana kawu ɗaukar yaro.

Malamin Islamiyya ya amsa:

Malama, ki ci gaba da yi masa Falaƙi da Nasi da Ayatul Kursiyyu lokacin kwanciya, ki kuma kai shi asibitin. Hadisi ya tabbata cewa Allah bai saukar da cuta ba face ya saukar da maganinta. Ki gaya wa surukarki haka cikin ladabi. Amma masu ruƙiyyar da ke daka wa yaro tsawa a kunne ko su doke shi wai aljani suke duka, ki nisanta shi da su. Yaron da ƙara ke firgitawa, ina amfanin ƙara masa wata?

Ina da biyu irinsa a ajina, daga wajen Batsari. Na ajiye bulala saboda su. Manzon Allah (SAW) da kansa ya tsaya ya tambayi ƙaramin yaro, Abu Umair, labarin ɗan tsuntsunsa da ya mutu. Tsuntsu fa, balle uba.

Gwaggon Yaro ta sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na nuna wa maigidan amsar Hajiya Nas, ya yi shiru, washegari shi ya kai mu da kansa.

Yau zamanmu na huɗu. Fitsarin bai tsaya ba, amma ya koma sau biyu a mako. Na sayi leda na shimfiɗa ƙarƙashin zanin gado, da safe mu wanke tare ba wanda ya ji. An ce in riƙa gaya masa tun da wuri in za a yi biki a layi, in kuma bar masa fitila a kunne. Sito har yanzu ba ya shiga, an ce kada in matsa.

Jiya ya kawo mini wani zane, rumbu da ɗan mutum a ciki, a waje kuma akuya. Na ce ta wa ce? Ya ce tasa ce, Baba ya ba shi, bai san wanda ya tafi da ita ba. Hajiya Nas, in kai wannan zanen zama na gaba, ko in bari sai shi ya ce a kai?