Kwalejin fasaha ko ajin kimiyya?

Assalamu alaikum jama'a. Don Allah ku ba ni shawara a kan ɗan yayata da nake riƙo. Ya gama JSS3, ya ci BECE, amma mun rasa inda zai yi SS1. Shi hankalinsa na kan aikin lantarki, ko fanka ta lalace shi ke gyarawa, shi ya sa yake son kwalejin fasaha. Mahaifinsa kuwa ya kafe sai ajin kimiyya, wai sai da WAEC ake zama injiniya. Lissafinsa ba laifi, Turancin ne sai a hankali.

Shin da takardar NABTEB, wato jarrabawar kammala kwalejin fasaha, zai iya zana JAMB ya shiga jami'a, ko iyakarta kwalejin kimiyya da fasaha, wato poly? Malamai, ku taimaka, rajista ta matso.