Shawarwarin da muka tsinta a hirar Hashdush Sha'abi

Daren Juma'a muka zauna a zauren wani malaminmu da ya yi karatu a ƙasashen Larabawa, shayi na zagayawa, ana tattauna mayaƙan Shi'a na Iraƙi da alaƙarsu da Iran. Ga abin da na riƙe.

Malam ya fi nanata cewa kada a yi musu kuɗin goro. An kafa Hashdush Sha'abi, wato haɗakar ƙungiyoyin waɗannan mayaƙa, a 2014, bayan birnin Mosul ya faɗa hannun ISIS, kuma Ayatullah Sistani, babban malamin Shi'a na Iraƙi, ya yi kiran ɗaukar makami. A cikinsu akwai masu bin Sistani a Najaf, akwai kuma irin Kata'ib Hizbullah da ke kallon Tehran. Ƙungiyar Badar ma, wadda ke cikinsu, a Iran aka haife ta, lokacin yaƙin Iran da Iraƙi. Wannan bambancin shi ne ya fi taɓa ni, domin da yawanmu ba mu san shi ba.

Wani ɗan jarida ya ce a bi sawun kuɗi da makamai. Dokar 2016 ta sanya su cikin dakarun tsaron Iraƙi, kuma gwamnatin Bagadaza ke biyan albashinsu, amma wa ke ba da umarni? A ranar 3 ga Janairu 2020, jirgin Amurka marar matuƙi ya kashe Ƙasim Sulaimani, babban kwamandan sojan Iran, tare da Abu Mahdi al-Muhandis, mataimakin shugaban Hashdush Sha'abi, a ayari ɗaya, kusa da filin jirgin Bagadaza.

Wata malama ta roƙi matasa su daina tura bidiyon yaƙi a WhatsApp kafin su tantance asalinsa, kuma kada rikicin Iraƙi ya shiga tsakanin maƙwabta a unguwanninmu.