Hazon Silent Hill: Musayar Waƙa Tsakanin 'Yan Legas

Ɗan Agege:
Salamu alaikum 'yan uwa. Ga nawa a kan Silent Hill, wasan bidiyo na ban tsoro, wanda ya buga wasan ya amsa.

A 1999 kamfanin Konami ya fito da shi,
Silent Hill, har yau bai sake ni ba.
Harry na neman 'yarsa Cheryl cikin hazo,
Rediyo na ƙara, ido bai ga dodo ba.
A kasuwar Alaba na sayo faifan,
Daren nan janareto bai huta ba.

'Yar Idi-Araba:
Yaya, a bakin ƙofa ka tsaya,
Na biyun ne zuciyar, ba ka taɓo shi ba.
A 2001 James ya karɓi wasiƙa
Daga matarsa Mary, mutuwa ba ta hana ta ba.
Ya shiga garin Silent Hill yana kiran sunanta,
Ashe gaskiyar bai gaya wa kansa ba:
Ciwo ya daɗe, jinya ta ci ƙarfinsa,
Hannunsa ne ya kashe ta, ba cutar ba.
Na yi jinyar Inna, na san wannan gajiya
Da baki bai taɓa iya furtawa ba.
Ban yafe masa ba, amma na yi kuka,
Wani wasan bai taɓa kai ni nan ba.

Mai Gyaran Waya, Ikeja:
Allah ya jiƙan Inna, 'yar uwa. Amma ku bar ni in faɗi tawa.

Ni wasan Resident Evil na riƙa,
Kamfanin Capcom mai shi tun 1996 bai gaza ba.
Hazon da kuke yabo dabara ce,
PlayStation ba ta iya zana nesa ba,
Sai aka lulluɓe titi da fari
Don kar a hango abin da bai fito ba.

Ɗan Agege:
Gaskiyarka malam, rashi ne ya haife shi,
Amma ba don shi ba da tsoron bai kama ba.
Ga kiɗan Akira Yamaoka,
Kunnena bai ji irinsa ba.
A 2015 aka soke sabon da muke jira,
Na yi fushi, amma ban juya baya ba.
Sai 2024 Bloober Team na Poland
Suka sabunta na biyun, ba su ɓata shi ba.
Kuɗin PlayStation 5 ya fi ƙarfina,
Shagon aboki a Obalende bai kore ni ba.

'Yar Idi-Araba:
To Yaya, wane ƙarshe ya zo maka?
Wasan na lura da kai, ba ka sani ba.
Na yi ta duba wuƙar Angela, wata da James ya haɗu da ita a garin,
James na jini, ban ba shi magani ba,
Sai ya tuƙa motarsa cikin tafki.
Zan sake daga farko, ban yarda ba.